Yadda Mai Kasuwanci a Saudiyya Zai Kare Tambarinsa, Ƙirƙirarsa da Sirrin Sana'arsa

Sunan da ke jikin kwalbar turare, ko wanda ke rataye a ƙofar ofishin kargo, sau da yawa ya fi kayan da ke cikin sito daraja. Alhajin da ya sauka Jidda daga Kano ko Maraɗi ba kowane turare yake nema ba, sunan da aka faɗa masa tun daga gida yake cigiya a Balad ko Bab Makka. Sai dai doka ba ta san wanda ya sha wahalar gina sunan ba sai ta ga takarda. Wanda sunansa ke kan shaidar rajista shi ne mai abu a wurinta har sai kotu ta ce ba haka ba, kuma zuwa kotu ya fi yin rajista tsada nesa ba kusa ba.

Abin da doka ke karewa kashi biyar ne, kowanne da hanyarsa. Akwai tambarin kasuwanci, wato suna ko alamar da ke bambanta kayanka da na wani. Akwai sirrin sana'a, kamar haɗin turare ko jerin kwastomomi. Akwai siffar kaya, kamar fasalin kwalba. Akwai shaidar ƙirƙira, ta wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko sabuwar hanyar sarrafa abu. Sannan akwai haƙƙin mallakar rubutu, hoto, bidiyo da manhaja. Hukumar da ke kula da rajistar waɗannan ita ce Hukumar Mallakar Fasaha ta Saudiyya, wadda aka fi sani da SAIP, da aka kafa a 2017, hedikwatarta na Riyad. Kafin ta, tambari yana hannun Ma'aikatar Kasuwanci, shi ya sa har yau wasu ke zuwa can su dawo ba su yi komai ba. Ga yawancin 'yan kasuwarmu masu turare, abaya, dabino, zinare, kargo da gidan abinci, tambari da sirri su ne kusan dukan zancen, don haka a kansu za mu fi tsayawa.

Mataki na farko: da sunan wa za a yi rajistar?

A nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa, tun kafin a cika fom. Mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, da ke juya shago da sijilin (takardar rajistar kasuwancin) kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa, ko na wani abokinsa ɗan ƙasa, idan aka yi rajistar tambari a kan wannan sijili, tambarin na mai sijilin ne. Ranar da aka ɓata, shi zai ci gaba da sunan, kai kuma ka fita da hannu biyu. Kai ƙara ma ba zai yi maka daɗi ba, domin hujjar da za ka kawo cewa kasuwancin naka ne ita ce hujjar tasattur a kanka, wato laifin baƙo ya ɓuya bayan sunan ɗan ƙasa yana juya kasuwanci, kuma dokar yaƙi da tasattur ta 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Hanyoyi masu tsabta biyu ne. Ko dai ka yi rajista da Ma'aikatar Zuba Jari ka kafa kamfanin da sunanka ke cikin masu shi, a sa tambarin da sunan kamfanin, ko kuma kamfaninka na gida, na Kano ko na Yamai, ya nemi rajistar a matsayin baƙon kamfani ta hannun wakilin da SAIP ta ba lasisi. Hanya ta biyu tana buƙatar takardar wakala da aka tabbatar a hukumance, galibi har da hatimin ofishin jakadancin Saudiyya, don haka a fara neman ta da wuri.

Hausawan da suke 'yan ƙasa ba su da matsalar kafili, tasu ta cikin gida ce. Tambarin da aka yi rajistarsa da sunan uba shi kaɗai yana shiga gado ranar da ya rasu, daga nan duk wani motsi a kansa sai magada sun yarda. Idan 'yan'uwa ne ke juya harkar tare, a sa tambarin da sunan kamfani, a rubuta kason kowa a yarjejeniyar kafa shi.

A kuma cire wani ruɗani tun yanzu: sijil tijari ba rajistar tambari ba ce. Sunan da ke kan sijili sunan kafar kasuwancinka ne a Ma'aikatar Kasuwanci. Bai isa ya zama kariyar sunan da ke jikin kwalba ko kwali ba. Haka sunan shafinka na Instagram ko Snapchat da adireshin intanet, ba su ba ka mallakar tambari.

Mataki na biyu: zaɓen suna da bincike

Tun Satumban 2016 Saudiyya ke aiki da Dokar Tambarin Kasuwanci ta ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf. Dokar ba ta karɓar sunan da bayanin kaya ne kawai. "Dabino Mai Daɗi" ko "Turaren Asali" ba za su wuce ba, domin kowane mai dabino yana da ikon cewa nasa da daɗi. Rubuta shi da Hausa ma ba dabara ba ce, tunda kalmar da ba Larabci ba sai an haɗo ta da fassararta da yadda ake furta ta. Ba a karɓar alamomin addini tsantsa, tutoci da tambarin hukumomi, alamar jinjirin wata mai ja, sunan mutum ko hotonsa ba da izininsa ko na magadansa ba, da sunan wurin da zai yaudari mai saye game da asalin kaya. Wanda yake son hoton Ka'aba ko koren ƙubba a jikin kwalinsa ya haƙura tun kafin ya biya mai zane. Suna mafi ƙarfi shi ne wanda aka ƙago, ko kalmar da ba ta da alaƙa da kayan ko kaɗan.

Idan suna ya samu, a bincika rumbun SAIP da ke shafinta na intanet kafin a buga leda ko guda. A bincika da haruffan Larabci da na boko, a kuma gwada duk yadda za a iya rubuta sunan, domin mai tantancewa yana duba kamannin sauti, ba na rubutu kaɗai ba. Suna mai ƙ yana iya fitowa da ƙaf ko kaf a Larabci, kuma canza harafi ɗaya a sanannen suna ba ya fitar da mutum. Idan kwastomominka suna karanta sunan da rubutu biyun, a kare su duka, a haɗe cikin tambari guda ko a rabe. A raben ya fi tsada, amma ya fi ƙarfi idan rigima ta taso.

Mataki na uku: aji

Ana rajistar tambari ne a kan kaya ko ayyuka da aka ambata, bisa tsarin Nice mai aji 45: 1 zuwa 34 na kaya, 35 zuwa 45 na ayyuka. A Saudiyya kowane aji da takardar nemansa da kuɗinsa. Waɗanda suka fi shafar mu: turare, turaren wuta, lalle da kayan kwalliya aji 3, zinare, azurfa, agogo da carbi aji 14, yadi aji 24, abaya, jallabiya, hula da takalmi aji 25, darduma aji 27, nama, kilishi da busasshen dabino aji 29, yaji, shayi, gahawa, zuma da shinkafa aji 30, shago da tallace-tallace aji 35, kargo da shirya tafiye-tafiye aji 39, gidan abinci da masauki aji 43.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kare abin da ake yi yau a manta da abin da ake shirin yi baɗi. Mai gidan tsire da ya yi rajista a aji 43 kaɗai, in ya fara ƙulla yajinsa a roba yana aikawa kanti, aji 30 yake buƙata, kuma mai yiwuwa ya tarar wani ya riga shi. Ɗaya ɓangaren kuma ɓarnar kuɗi ce: kwasar aji goma da ba za a taɓa aiki da su ba, alhali tambarin da aka bari shekara 5 a jere ba a yi amfani da shi ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, duk mai ruwa da tsaki yana iya neman kotu ta soke shi. Ma'auni mai kyau shi ne ajin da kake ciki yanzu da wanda ka tabbata za ka shiga cikin shekara biyu zuwa uku.

Mataki na huɗu: shigar da takarda

Komai ta intanet ake yi a dandalin SAIP, mazauna ƙasar suna shiga da Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Za a ɗora hoton tambarin mai kyau, bayanan mai nema, aji da jerin kayan, fassarar kalmomin da ba Larabci ba, da wakala idan wakili ne ke nema. Kuɗin hukuma kashi uku ne a jadawalin 'yan shekarun nan: riyal 1,000 na nema, 500 na wallafawa, 5,000 na rajista da shaida. Wato kimanin riyal 6,500 kowane aji, ban da haraji da ladan wakili. Aji uku sun tasar wa riyal 19,500. Kuɗin nema ba ya dawowa in an ƙi tambarin, dalilin da ya sa binciken baya ba abin tsallakewa ba ne.

Doka ta ba hukumar kwana 90 ta yanke hukunci. Tana iya karɓa, ta ƙi, ko ta nemi gyara, kamar a cire wata kalma ko a amince cewa ba a mallaki kalmar gama-gari da ke cikin tambarin ba. In an ƙi, akwai kwana 60 na kai koke gaban kwamitin ƙorafi, bayansa kuma kotun kasuwanci. In an karɓa, sai a biya kuɗin wallafawa cikin kwana 30. Daga ranar wallafawa kowa yana da kwana 60 ya yi jayayya. Idan babu wanda ya fito, ko ya fito ya faɗi, a biya kuɗin ƙarshe a karɓi shaida. Takardu da yawa ba ƙin hukuma ke kashe su ba, sakaci ne: saƙo ya shigo wayar ma'aikacin da ya tafi hutu ko ya bar aiki, wa'adi ya wuce, a ɗauka mai nema ya janye. Lambar waya da imel ɗin da ke kan takardar su zama na mai kamfani ko na ofis.

Bayan shaida ta fito

Kariyar shekara 10 ce daga ranar da aka shigar da takarda, ba ranar da shaida ta fito ba, kuma da shekarun Hijira ake lissafi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka goman nan tana cika wajen wata uku da rabi kafin lissafin wanda ke duba kalandar boko. Ana sabuntawa a cikin shekarar ƙarshe, da rangwamen wata 6 bayan cikar wa'adi a kan ƙarin kuɗi. A rubuta ranar da kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira da hukumar Saudiyya ke aiki da ita.

A riƙa ajiye hujjar amfani: fatura (rasit) mai ɗauke da sunan, hotunan kaya a shago, takardun kwastan, tallace-tallace masu kwanan wata. Su za su cece ka in an ce ka yi watsi da tambarin. Su ne kuma makamin wanda aka riga shi rajistar sunan da ya daɗe yana aiki da shi, domin doka ta ba shi damar neman a soke rajistar cikin shekara 5 daga ranar da aka yi ta. Bayan nan ƙofar ta kusa rufewa, sai in an tabbatar da mugun nufi.

Sayar da tambari ko jinginar da shi ba ya aiki a kan wasu mutane sai an rubuta shi a rajistar hukuma an wallafa. Wanda ya sayi shago da sunansa bai duba wannan ba, kanta da firji kawai ya saya. Idan kuma za ka bar wani ya buɗe reshe da sunanka da tsarinka yana biyan ka, ka shiga ƙarƙashin dokar imtiyazin kasuwanci ta 2019: sai ka ba shi takardar bayani aƙalla kwana 14 kafin sa hannu, a kuma yi rajistar yarjejeniyar a Ma'aikatar Kasuwanci cikin kwana 90.

Rajistar Riyad ba ta ƙetare iyaka

Wannan ya shafi Hausawa fiye da kowa, tunda rabin kasuwarmu tana gida. Shaidar SAIP a Saudiyya kaɗai take aiki. Ko Dubai ba ta kai ba, duk da dokokin suna kama da juna, kowace ƙasa da ofishinta. Turaren da ya yi suna a wurin alhazai yakan riga mai shi isa Kantin Kwari da Sabon Gari, kuma ba wuya wani ya yi rajistar sunan a can. A Nijeriya ana yi ne a ofishin rajistar tambari da ke Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, wa'adin farko shekara 7, sabuntawa shekara 14. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke rufe ƙasashe 17, har da Chadi, Kamaru da Benin. Sudan tana da nata ofishin da dokarta ta 1969. Yarjejeniyar Paris, wadda Saudiyya ta shiga a 2004, ta ba ka wata 6 daga ranar da ka fara nema: in ka shigar a wata ƙasa memba cikin wa'adin, za a ɗauka tun ranar farko ka nema. Wanda ake yi wa kaya a Guangzhou ko Yiwu ya yi rajista a Chaina ma, inda wanda ya riga shigar da takarda shi ke da rinjaye, ya kuma rubuta wa masana'anta cewa ba ta da ikon sayar da rarar kaya masu sunansa.

Sirrin sana'a

Haɗin humra, ma'aunin yajin tsire, sunan mai kawo maka itacen oud da farashin da yake ba ka, lambobin dillalanka na gida: waɗannan ba a rajistarsu, kuma bai kamata a gwada ba, domin neman shaidar ƙirƙira yana nufin a wallafa bayanin kowa ya karanta. Ƙa'idojin kare bayanan kasuwanci na sirri na 2005 suna kare su muddin sun cika sharaɗi uku: ba sanannu ba ne a wurin 'yan sana'ar, suna da daraja saboda ɓoyuwarsu, kuma mai su ya ɗauki matakan da suka dace don ɓoye su. Na ukun ne ke kayar da mutane. Haɗin da aka liƙa a bangon ɗakin aiki ko aka tura zauren WhatsApp na ma'aikata ya tashi daga sirri, alƙali kuma zai tambaye ka abin da ka yi.

Abin yi kaɗan ne. A raba haɗin gida biyu ko uku yadda ba ma'aikaci ɗaya da ya san shi duka. A sa wa kwalaben sinadari lamba maimakon suna. Wayar da kwastomomi ke kira ta zama ta kamfani. Sannan a rubuta sharaɗin riƙe sirri a kwantiragin aiki. Sashe na 83 na Dokar Ƙwadago ya yarda a hana ma'aikacin da ya san kwastomominka yin gogayya da kai bayan ya bar aiki, amma sai sharaɗin ya kasance a rubuce, an fayyace lokaci, wuri da irin aikin, kuma bai wuce shekara 2 ba. "Ba zai taɓa sayar da turare a ko'ina ba" ba sharaɗi ba ne da kotu za ta tsaya a kai. "Ba zai buɗe shagon turare a Jidda ba tsawon shekara 1" ya fi kusa. In an saɓa, shekara 1 gare ka daga ranar da ka gano ka shigar da ƙara. Masu aiki da ɗan'uwa ko yaron gida kan ji nauyin kawo takarda, amma a nan aka fi buƙatarta, don su ne suka fi sanin komai.

Siffar kaya da shaidar ƙirƙira

Su biyun sharaɗinsu ɗaya: abin ya zama sabo ranar da aka nema. Wanda ya nuna sabuwar kwalbarsa a TikTok kafin ya shigar da takarda yana iya rushe haƙƙinsa da hannunsa. Siffar kaya tana samun kariyar shekara 15 tun gyaran 2023, a da 10 ce. Shaidar ƙirƙira shekara 20 ce daga ranar nema, da kuɗin da ake biya duk shekara, in an daina biya ta faɗi. Ba a ba da ita a kan dabarar kasuwanci zalla ko hanyar lissafi. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar PCT a 2013, wadda ke ba da damar fara nema a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa na mai aiki ne, kuma in ya nemi shaida cikin shekara 2 da barin aiki, doka tana ɗauka tun yana wurinka ya nema.

Hoto, zane da manhaja

Haƙƙin mallaka yana samuwa da zarar an yi aikin, ba sai da rajista ba, kuma ga rubutu yana ɗorewa tsawon ran mai shi da shekara 50 bayansa. Tarkon yana nan: biyan mai zane kuɗin tambari bai mayar da haƙƙin zanen gare ka kai tsaye ba. Sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi haƙƙin da aka miƙa, na wane lokaci, a wane yanki. Haka mai ɗaukar hoton abayoyinka da wanda ya gina maka manhajar bin sawun kargo, wanda ya kamata ya miƙa ainihin rubutun manhajar da kalmomin sirri ranar biyan ƙarshe. Ta ɗaya gefen, hoton da aka kwaso daga shafin wani, waƙa ko ƙira'ar da aka ɗora a talla, da manhajar sata a kwamfutocin ofis, duk suna da masu su.

Jabu, ta fuska biyu

Kafin ka kama wani, duba kantarka. Wanda ya kwaikwayi tambari mai rajista yana fuskantar ɗaurin wata 1 zuwa shekara 3 da tarar riyal 5,000 zuwa miliyan 1, ko ɗaya daga ciki. Wanda ya sayar ko ya ajiye jabun don sayarwa yana sane, wata 1 zuwa shekara 1 da tarar riyal 1,000 zuwa 100,000. In aka maimaita, hukunci yana ninkuwa, a kuma rufe shagon daga kwana 15 zuwa wata 6. Agogo ko jaka mai babban suna da aka sayo a kashi ɗaya cikin goma na farashinta, da wuya a yarda ba ka sani ba. Ka nemi fatura mai lambar haraji daga duk mai kawo maka kaya, masu kargo kuma su rubuta abin da ke cikin kowane ɗauri da sunan mai shi.

Idan naka aka kwaikwaya, kada ka je shagon da faɗa, kada kuma ka kira sunansa a intanet, domin ɓata suna laifi ne mai zaman kansa kuma sai ƙarar ta juyo kanka. Tura wanda ba a sani ba ya sayo samfuri ya karɓi fatura. A ɗauki hoton shagon, ko shafin da kwanan wata. A ajiye na asali da jabun gefe da gefe, a rubuta bambancinsu: murfi, launi, rubutu, lambar kwali. Lauya ya aika takardar gargaɗi mai wa'adi, wadda sau da yawa take kashe maganar idan ƙaramin ɗan kasuwa ne. In ta ƙi, a shigar da ƙorafi a dandalin SAIP da lambar shaidar rajista. Abin da ya shafi algus kuma a kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900. Kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Jidda ana iya neman Hukumar Zakka, Haraji da Kwastan ta dakatar da su, da sharaɗin a shigar da ƙara cikin kwanakin aiki 10 daga ranar da aka sanar da kai, in ba haka ba a sake su. Diyya kuwa a kotun kasuwanci ake nemanta, kuma alƙali zai so ya ga asarar da lambobi: cinikin kafin jabun ya shigo, da cinikin bayansa, daga littafin da aka riƙa cikawa tun kafin rigimar.